Abin da Mai Shara Ta Gani

An yi wani dattijo a wata majami'a a nan birnin Katsina. Ba zan ce ta wajen Ƙofar Ƙaura take ba, ba zan ce ta wajen Ƙofar Ƙwaya ba, domin mu masu bin Almasihu a garin nan ba mu da yawan da za a ɓoye mutum a cikinmu, kana kama sunan unguwa an gano gida. Ɗarikar ma a bar ta. Na taɓa ba wani ɗan ECWA labarin, ya dage a cocin Angilika aka yi. Ɗan Angilika ya ji, ya ce ai wannan halin 'yan Baftis ne sak. Kowa ya san mutumin, sai dai kullum a cocin maƙwabta yake sujada.

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Ciyaman ake ce masa, har matarsa in a gaban mutane ne. Ya shigo Katsina a 1987, shekarar da aka yanke jihar daga Kaduna, yana ƙaramin ma'aikaci da akwati ɗaya da katifa a naɗe. Ya yi ta hawa har ya kai darakta, ya yi ritaya da mutuncinsa. Kada kuma a zalunce shi, hannunsa a sake yake. Ba ya shan giya, ba a taɓa jin sunansa a zancen kuɗin baiko ba, marayun da ya biya wa kuɗin makaranta suna da dama. Lokacin da ikilisiya ke neman takardar fili, abin da duk wanda ya taɓa gina majami'a a Arewa ya san wahalarsa, shi ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan har aka samu. Aibinsa ɗaya ne, ba a yi masa gyara. In ka ce masa hularsa ta karkace, sai ya tambaye ka shekararka nawa a ikilisiyar. In aka buga takardar tsarin sujada ta wani biki aka manta da muƙaminsa guda, sai an koma wurin mai buga takardu. Ya sayo kujeru shida masu hannu da laushi ya jera a gaba kusa da bagade, aka manna wa ta tsakiya ɗan farantin ƙarfe mai sunansa. Ko yana Abuja, kujerar nan ba mai zama.

A majami'ar kuma akwai Gwaggo. Ba gwaggon kowa ba ce, ta kowa ce. Tana yarinya aka kawo ta Babbar Ruga daga wani ƙauye a shekarun 1950, bayan an ga wani tabo mai haske a bayanta, an soka masa ƙaya ba ta ji ba.

Wanda bai san Babbar Ruga ba ba zai gane nauyin tsohuwar nan ba, yaran yanzu kuwa sun ɗauka asibitin mata ne kawai a hanyar Batsari. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a biranen sarakunan Musulmi. Mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ECWA, tun 1893 mutanenta suka sauka Legas da nufin shigowa ƙasar Hausa, amma ƙofa ba ta buɗe musu a nan ba sai a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, lokacin da aka damƙa musu aikin jinyar kutare: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina. Maganin lokacin allurar wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasashen Asiya, mai zafin tsiya, kafin daga baya ƙwayar dapsone ta zo. In ka cire 'yan kudu, akawuna da 'yan kasuwa da suka zo da addininsu a aljihu, bishara ba ta Ƙofar Soro ta shigo Katsina ba, ba kuma a kan doki ta zo ba. Ta bayan gari ta shigo, wurin da ake wanke gyambo ana ɗaure shi, a tsakiyar mutanen da danginsu ba sa cin tuwo da su a kwano ɗaya. Gwamnati ta karɓi asibitocin mishan a shekarun 1970. A 1984 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda aikin kuturta ya kawo shi, ya fara ɗinke mata masu yoyon fitsari a wurin, har ya zama cibiyar da aka sani a faɗin ƙasa. Wurin dai bai sauya hali ba, har yau na waɗanda aka guda ne.

Gwaggo ta warke, amma cutar ta riga ta tafi da yatsunta. Duk Asabar da la'asar za ka same ta a bakin majami'a da tsintsiya da wata 'yar roba da aka yanko daga tsohon tib ɗin keke. Takan ɗora kan tsintsiyar a dungulmin hannunta na dama, ta naɗe da robar, ta ciji bakinta da haƙori ta ja har ta ɗame, ta cusa da ɗayan hannun. Sai ta sunkuya. Daga bagade take farawa, tana ja da baya benci bayan benci, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Shekaru masu yawa tana haka ba sisi ba kwabo. In matan zumunta suka ce ta huta, sai ta ce a gidan nan ne kaɗai ba a taɓa ware mata kofi ba.

Da mutane suka ƙaru aka ce a faɗaɗa ginin. Wa za a ba kwamitin gini? Tambayar ma ba a yi ba. Aka tayar da bango, aka zo rufi. Kafintan ɗan ikilisiya ne, yaro mai tsoron Allah, ya je gidan Ciyaman ya durƙusa ya gaishe shi.

"Yallaɓai, katakon nan da aka kawo fari ne, kuma bai gama bushewa ba. Filin nan kuwa da gara, na ga shuri biyu lokacin da ake haƙa. In da hali a sauya katakon, in babu, a bari in jiƙa shi da magani, ko baƙin mai ne, kafin a buga kwano."

"Nawa ke nan?"

Yaro ya faɗi kuɗi. Ba su kai rabin abin da aka ware wa labulen bayan bagade ba.

"Kai yaro, lokacin da nake duba gine-ginen gwamnati an haife ka? Baƙi za su zo keɓe ginin nan daga Kaduna da Jos. Katako za su kalla ko tayil? Je ka buga yadda aka ce."

Ya je ya buga. Aka rufe da silin fari tas, aka shimfiɗa tayil, aka rataya labule ja daga sama har ƙasa, aka kafa allon dutse a bakin ƙofa. Sunan Ubangiji yana kai, ba a manta ba, sai dai harufan sunan Ciyaman sun ɗan fi kauri. Ranar keɓewa an ci an sha, mawaƙa sun yi har muryarsu ta dushe.

Damina biyu ta wuce. Wata Asabar Gwaggo na shara ta ga ɓurɓushin ƙasa da na katako a ƙarƙashin kujerun gaba. Ta share. Mako ya zagayo ta sake gani a wuri ɗaya. Ta ɗaga labulen nan ja, wanda ba mai ɗagawa sai ita, ta ga hanyar gara ta bi bango ta haura, siririya, ta shige silin. Ta kankare da gindin tsintsiya iya inda hannunta ya kai. Asabar ta gaba gara ta mayar da gininta.

Ranar Lahadi bayan sujada ta tsaya a gefen motar Ciyaman har ya gama gaisawa da manya.

"Ɗan nan, an tashi lafiya? Wata magana gare ni."

Ba abin da ya tsana irin wannan "ɗan nan". Ya ciro naira ɗari biyar ya miƙa mata daga nesa.

"A'a, ba roƙo ba ne. Gara ce ta shiga rufin can sama, daidai inda kuke zama."

"To, tsohuwa, an ji. Ki riƙa share wurin da kyau."

Bayan mako uku ta dawo da shaida. Ta tara ɓurɓushin a leda ta ƙulle, ta riƙo da hannu biyu. Wannan karon a gaban mutane ne, har da wani baƙo da Ciyaman ke nuna wa ginin.

"Wai yanzu ke ce injiniyar? Ginin da aka kashe wa miliyoyi, ke da ba ki ba da ko ƙusa ɗaya ba. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi. Ke taki shara."

Baƙon ya sunkuyar da kai. Masu raka Ciyaman suka yi 'yar dariyar da ake yi wa babba in ya yi magana. Gwaggo ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta juya da ledarta.

Ta kai wa Fasto. Fasto mutumin kirki ne, matashi, da 'ya'ya huɗu a makaranta. Ya ɗaga labule ya gani da idonsa. Amma ya san wa ke sa hannu a takardar albashinsa, ya san kuma yadda wanda ya gada ya tsinci kansa a wani ƙauye bayan ya yi musu da kwamiti. Ya ce, "Mama, za mu sa abin a addu'a, zan kuma nemi lokacin da ya dace in yi wa Baba Ciyaman magana." Lokacin da ya dace bai zo ba. Kafinta ma ya ji, ya ce shi ya faɗi tasa tun farko, ba zai je a sake tambayarsa ranar haihuwarsa ba. Matan zumunta sun sani, matasa sun sani, ma'aji ya sani. Majami'a guda ta san rufinta na ciwo, mutum ɗaya ne bai yarda ba, shi ne kuma mai ikon cewa a gyara.

A cikin watannin nan ne, abin dariya abin tausayi, aka ba Ciyaman nazarin Littafi Mai Tsarki na wata Laraba, karatun kuma ya faɗo kan Na'aman, a Littafin Sarakuna na Biyu sura 5. Ya iya koyarwa, ba a raba shi da wannan. Ya zana musu sarkin yaƙin Suriya, jarumi mai faɗa a ji, amma kuturu. Ya faɗi yadda wata 'yar baiwa da aka kamo daga ƙasar Isra'ila, mai yi wa matarsa hidima, ita ce ta ce akwai annabi a Samariya. Ya faɗi yadda Na'aman ya isa ƙofar Elisha da dawakai da karusai, annabi ko leƙowa bai yi ba, ya aiko a ce masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Ciyaman ya kwaikwayi fushin mutumin har da buga tebur, yadda ya ce kogunan Dimashƙu sun fi wannan ruwa, ya juya zai tafi da kuturtarsa. Sai barorinsa suka matso suka lallashe shi, ya ji, ya sauka ya yi wankan ya warke. Ciyaman ya rufe Littafi ya ce darasin shi ne, barori su riƙa yi wa iyayen gidansu magana cikin ladabi. Aka ce amin. Gwaggo na benci na ƙarshe, ita kaɗai a ɗakin ta san ciwon Na'aman a jikinta.

Ni kuwa abin da ke tsaya mini a labarin nan daban ne. Na'aman yana da girman kai, har ya yi masa yawa, amma kunnensa bai toshe ba. Sau biyu magana ta zo masa daga ƙasa, daga baiwa da kuma barori, sau biyun ya karɓa. Da ya tsaya duba wa ke maganar, da an binne shi da lambobin yaƙinsa da kuturtarsa. Haɗarin girman kai ke nan a aikace, kafin ma a kai ga hukuncin lahira. Yana korar masu kawo maka labari ɗaya bayan ɗaya, har ka wayi gari kowa na gaishe ka ba mai gaya maka komai. Waɗanda suka fi sanin inda gara take kuwa su ne masu sunkuyawa.

Wani daren Talata cikin Agusta aka yi ruwa da iska irin wanda Katsina ke yi in damina ta kai tsakiya. Maigadi ya ji ƙara, ya ɗauka tsawa ce. Da gari ya waye aka tarar rufin gaba ya zauna. Katakon da kafinta ya ɗaga, yana matsawa da yatsa yana marmashewa. Silin da kwano sun sauko kan kujerun nan shida, labule ya jiƙe ya yi laka. Allah ya taƙaita, ba ranar Lahadi ba ce. Daidai wurin ne yara 'yan makarantar Lahadi ke tsayawa in za su yi haddar aya.

Mai karatu zai so in ce Ciyaman ya je ɗakin Gwaggo ya durƙusa. Ni ma haka na so. A taron gaggawa da aka kira, ya miƙe ya ce wannan harin Shaiɗan ne, maƙiya ne suka ga ikilisiya na ci gaba, a shirya azumi da addu'ar kwana. Ya ƙara da cewa a binciki kafinta. Yaron ya tashi zai yi magana aka ce ya zauna, manya na magana. Daga ranar bai sake taka majami'ar ba, matarsa da 'ya'yansa ma haka, kuma ban ji an ce wata yake zuwa ba. Wannan asarar ba ta shiga lissafin ma'aji ba. Kuɗin sabon rufi ya ninka na maganin gara sau da yawa, Ciyaman ya ba da kaso mafi tsoka, aka tafa masa.

Amma magana ta riga ta fita, har ta koma kunnensa cewa mutane na cewa da an ji ta tsohuwa da ba a kai nan ba. Sai ya yi shawara ya nuna wa duniya shi ma mai tawali'u ne. Wata Asabar ya iso da sabbin tsintsiyoyi dami guda, da farar shadda, da wani yaro riƙe da waya. Ya yi shara taku goma, yaro na bin sa yana ɗauka ta gaba ta gefe. Kafin magariba hoton ya hau Facebook, an rubuta bawan Allah a ƙasa, masu yabo sun yi layi. Gwaggo na zaune a dakali tana jira a gama ta shiga ta share wurin, domin ƙurar da ya tayar kan benci ta sauka.

Tsintsiya ba baƙuwa ba ce a tarihin ikilisiyar garin nan. Da Fafaroma Francis ya kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina a ranar 16 ga Oktoba 2023, ya cire shi daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko, majami'ar da ta zama babbar kujerar bishop sunan Martin de Porres take ɗauke da shi. An haifi mutumin a Lima ta ƙasar Peru a 1579, ubansa Bature ɗan Sifen mai sarauta, uwarsa baƙar mace 'yantacciyar baiwa. Dokar wurin a lokacin ba ta yarda mai jini irin nasa ya zama cikakken ɗan zuhudu ba, don haka yana ɗan shekara 15 ya shiga gidan 'yan Dominikan a matsayin bara. Shara, wanki, aikin madafa, da wanzanci da ya koya, aski da jinyar marasa lafiya, har ya rasu a 1639. Sai a 1962 Fafaroma John na 23 ya sa shi cikin tsarkaka, kuma kusan duk inda aka zana shi, da tsintsiya a hannu ake zana shi. Manyan Lima na zamaninsa, masu kujerun gaba, sai masanin tarihi ya tona kafin a tuna sunansu. Kada 'yan Katolika su ce to mun tsira. Rataya hoton mai tsintsiya a bango ba wuya, haka wanke ƙafar mutum goma sha biyu da aka zaɓa ranar Alhamis ɗin kafin Ista, sau ɗaya a shekara, ƙafar ma an riga an wanko ta daga gida. Yesu da ya ɗaura tawul ya durƙusa, ƙafafun da suka yini cikin ƙura ya wanke, har da na wanda zai bashe shi a daren.

Ban kuma yarda a ɗora wa Ciyaman kayan duka ba. Ba shi ya haifi kansa Ciyaman ba. Mu muka ga yana da kuɗi muka daina yi masa musu. Mu muka yi dariya ranar da ya yarfa tsohuwa. Wasiƙar Yaƙub sura 2 ta yi magana a fili kan ba mai zoben zinariya wuri mai kyau a majami'a a bar matalauci a tsaye, muna karanta ta, muna kuma aika masu tsara zama su kai mai babbar mota gaba. Shirun Fasto ma ba tawali'u ba ne, tsoro ne ya sa rigar tawali'u, kuma da rufin ya sauko ranar Lahadi da ba wanda zai karɓi wannan uzuri. Akwai kuma masu zama a benci na baya suna taƙama da cewa su ba ruwansu da kujerar gaba, suna ƙirga zunuban manya ana wa'azi. Su ma garar ba ta bar katakonsu ba.

An sake rufin, wannan karon an jiƙa katako da magani, Ciyaman da kansa ya ba da umarni, ya ce dama tun farko ra'ayinsa ke nan. An sayo sabbin kujeru, takwas. Gwaggo ƙarfi ya ƙare, wata yarinya ce ke sharar yanzu, ana ba ta ɗan abin sabulu, kuma ba ta ɗaga labule.

Wanda ya karanta ya ji ransa ya ɓaci, kada ya neme ni da faɗa, ban kama suna ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Roƙona dai guda ne, ko kai dattijo ne, ko fasto, ko shugabar zumunta, ko maigida kawai. In akwai wanda ya taɓa zuwa maka da magana sau biyu ka sallame shi don ka raina matsayinsa, aika a kira shi cikin makon nan, ka ba shi wurin zama, ka ce ya maimaita.